Wayar altaneta da masu ƙara wa mota kayan sauti

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in ja hankalin masu motoci a nan Gombe, musamman matasa masu ɗora amfilifaya da wufa, da masu motocin talla da na kamfen da ke yawo da lasifika. Maganata a kan waya guda ce, mai kaurin nan da ta tashi daga bayan altaneta, na'urar da ke cajin batir, zuwa kan batir mai alamar ƙari. Ita ke ƙonewa, kuma abin da aka saba yi mata a bakin titi, a murɗe ta a naɗe da baƙin tef, ba gyara ba ne.

Altanetar ƙananan motoci irin Corolla da Golf tana ba da amfiya 70 zuwa 100. Amfilifaya mai wat 1,000 na gaskiya, ba wanda aka buga a jikin kwali ba, idan aka ƙure ta tana jan kusan amfiya 90 ita kaɗai, ban da fitilu da fanka da na'urar sanyi. Sai altaneta ta koma aiki da iya ƙarfinta ba hutu, wayar kuma tana kwance kusa da inji, ga zafin Maris da Afrilu da ke kai maki 40. Wayar ba ta cika ƙonewa a tsakiya ba, a bakinta take ci, wurin noti. Idan notin ya yi sako-sako ko tsatsa ta shiga, ɗan cikas na om 0.01 kacal (om shi ne ma'aunin cikas ga wuta), da amfiya 90 a kansa, yana haifar da zafin wat 81 a wurin da bai fi kan yatsa ba. Robar ta narke, jan ƙarfen ya yi baƙi, cikas ya ƙaru, zafin ma ya ƙaru. Mai mota zai ga fitilu na lumshewa duk lokacin da wufa ta buga, ya ji ƙaurin roba, wata rana da safe mota ta ƙi tashi. Da yawa sukan sayi sabon batir a banza.

A fara da mitar awon wuta. Batir mai lafiya, inji a kashe, yana nuna bolt 12.6. Inji na aiki, 13.8 zuwa 14.4. Sai a kunna fitilu da fanka da sauti, a ɗora tsinken mita ɗaya a kan ƙusar altaneta da wayar ke ɗaure a jikinta, ɗayan a kan batir mai ƙari. Idan ya wuce bolt 0.5, wutar tana lalacewa a hanya, laifin waya ne ko mahaɗinta. Ina roƙon 'yan uwana masu sana'a su bar ɗabi'ar cire kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji. A motocin yanzu wutar da ke tsalle a wannan lokacin tana iya kashe ƙwaƙwalwar mota da dayod ɗin altanetar.

Wurin gyara, kan batir mai alamar ragi ake fara cirewa, domin ƙusar altaneta tana da wuta ko da makulli na aljihu, sifana ta taɓa jikin inji sai tartsatsi. A fere robar wayar a bi ta baya har a iske jan ƙarfe mai sheƙi. In baƙin ko koren ya yi nisa, ko silin wayar na karyewa a hannu, a fitar da ita gaba ɗaya. Ni ban yarda da haɗi a tsakiyar wannan waya ba.

Zaɓen sabuwar waya ne ke kayar da mutane. Yawancin wayoyi masu jar roba mai ƙyalli da ake sayarwa a kwali tare da kayan sauti alminiyam ne da aka yi wa wankan jan ƙarfe, kuma abin da suke ɗauka wajen kashi biyu cikin uku ne na abin da jan ƙarfe zalla ke ɗauka. Kankare sili ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye. Ba su da nauyi a hannu, wasu ma roba ce ta yi kauri, ƙarfen ciki ɗan tsurut. Wayar walda ta ainihi ta fi su nesa ba kusa ba: mai milimita 25 (murabba'in milimita ake nufi, awon ƙarfen ciki) ta isa sauti har wajen wat 1,000, abin da ya haura haka a nemi mai 50. A sa mata kai na jan ƙarfe daidai kaurinta, a matse da abin matsewa, ba a buga da guduma a kan dutse ba. Dalma ita kaɗai ba ta riƙo, jijjigar inji na fasa ta. A rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, a goge ƙusar altaneta da sanfefa, a ɗaure noti ya kama ba tare da an murɗe ƙusar ba, a mayar da hular roba.

Fiyus dole ne, kusa da batir, tazarar da ba ta wuce santimita 20 ba. Girman waya ake bi: amfiya 125 zuwa 150 ga mai milimita 25, amfiya 250 ga mai 50. Wanda ya maye gurbin fiyus da silin waya ya sani, ranar da wayar ta goge ta taɓa bodi, batir zai zuba ɗaruruwan amfiya a cikinta, nan gobara take farawa. A bi da ita nesa da salansa da bel da fanka, a ɗaure ta, inda ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba.

Wutar da ta tafi sai ta dawo, don haka a ƙara waya mai kauri ɗaya daga kan batir mai ragi zuwa bodi, wata daga inji zuwa bodi, a kankare fenti har ƙarfe ya fito. Bayan an gama a sake awon tsakanin ƙusar altaneta da kan batir mai ƙari, ya kamata ya sauko ƙasa da bolt 0.3.

Waya mai kauri dai ba ta ƙara wa altaneta ƙarfi, kafasita da ake haɗa wa amfilifaya ma ajiyar wuta take yi, ba ta samar da wuta. Idan an yi duk wannan mita na faɗuwa ƙasa da bolt 13 in an ƙure sauti, musamman mota na tsaye inji na silo, to sai a nemi babbar altaneta ko a rage amfilifaya.

Na gode.

Mai aikin wutar mota,
Tudun Wada, Gombe