An hana ni Jibin Ubangiji saboda na tambayi lissafin kuɗin gini

Baba Rabaran, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kuna lafiya, ku da Mama da dukan iyali, da kuma abokan aikinku na gidan rediyo. Na daɗe ina sauraron shirinku na ba da shawara, na kuma ga yadda kuke sulhunta al'amura ba tare da son kai ba, shi ya sa na kawo muku kukana. Ina roƙo kada a ambaci sunana ko sunan ikilisiyarmu, domin mu Kiristan Sakkwato ba mu da yawa, kusan kowa ya san kowa, kuma ba tonon asiri ne ya sa na rubuto ba.

Ranar Lahadin da ta gabata, bayan an tashi daga sujadar Hausa, magatakardan ikilisiya ya miƙo mini takarda a bakin ƙofa, a gaban matan zumunta, bai ma jira mun keɓe ba. A cikinta majalisar dattawa ta ce an dakatar da ni daga aikin ma'ajin kwamitin gini, an kuma sa ni a ƙarƙashin horo, ba zan ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da muke ci muna sha don tunawa da mutuwar Almasihu, sai na tsaya a gaban jama'a na nemi gafarar Fasto, saboda abin da suka kira ɓata suna da raba kan ikilisiya. Wa'azin ranar kuwa gaba ɗaya a kan Littafin Ƙidaya sura 16 aka yi shi, labarin Kora da Datan da Abiram da suka tayar wa Musa, aka haɗa da Zabura 105:15 inda aka hana taɓa shafaffun Allah. Fasto bai faɗi sunana ba, amma duk lokacin da ya zo wurin da ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye su, sai ya juyo wajen layin da nake zama, har matar da ke kusa da ni ta ja jikinta. Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba.

Ya kamata ku san ko wace ce ni. Daga ƙasar Zuru muka zo garin nan ni da maigidana, tun kafin a cire Kebbi daga jihar Sakkwato a 1991. Aikin lissafin kuɗi na yi a wata ma'aikatar gwamnati har na cika shekarun aiki na yi ritaya, kuma a duk tsawon lokacin masu binciken kuɗi sun zo sun tafi, ba a taɓa samun kwabo ya yi ciwon kai a hannuna ba. Lokacin da muka shiga wannan ikilisiya rumfar kwano ce, a kan bencin katako muke zama, kuma marigayi maigidana yana cikin waɗanda suka ɗauki bulo a ka aka gina majami'ar da muke ciki yanzu. Fastoci da dama sun zo an canja su a kan idona, babu wanda na taɓa ɗaga wa murya. Ba ni na nemi aikin ma'aji ba, jama'a ne suka ɗaga hannu suka zaɓe ni domin sun san halina.

Majami'ar ta yi mana kaɗan, rufinta kuma gajere ne, ga zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu da yake wuce digiri 40, har tsofaffi sukan fita tsakiyar sujada su zauna gindin dogonyaro. A 2022 aka buɗe baikon gini, wato gudummawar da masu bi ke bayarwa, domin a faɗaɗa ta a ɗaga rufin. Bayan tashin hankalin da aka yi a garin nan a watan Mayu na shekarar, sai aka ce a fara da katanga da ƙofar ƙarfe, kowa ya yarda, aka yi, na kuma karanta lissafinsa a gaban jama'a har kuɗin ƙusa. Baba, na san waɗanda suka ba da kuɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai gwauraye masu sayar da masa da kunu, akwai malaman firamare, akwai ƙananan 'yan sanda da matan bariki, akwai ma wanda shagonsa ya ƙone a gobarar babbar kasuwa ta watan Janairun 2021, bai gama farfaɗowa ba amma ya yi alkawari ya kuma cika. Ka'idar da aka kafa ita ce asusun gini yana banki da sunan ikilisiya, mutum uku ne masu sa hannu, wato Fasto da magatakarda da ni, kuma ba a fitar da kuɗi sai biyu daga cikinmu sun sa hannu.

Matsalar ta fara ne a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace a hannun mutane, aka riƙa kwana a layin banki. Baiko ya ragu ƙwarai, sai Fasto ya sanar daga kan mimbari cewa mai son cika alkawarinsa ya tura ta waya zuwa asusunsa na kansa, wai domin shi yana ganin saƙon shigar kuɗi nan take, daga baya zai mayar asusun ikilisiya. A lokacin ban ce komai ba, don kowa yana cikin wahala, kuma na ɗauka abin na ɗan lokaci ne. Kuɗi ya dawo hannun mutane, amma lambar asusun nan tana nan manne a allon sanarwa har yau. Mutane sukan zo su nuna mini shaidar turawa a wayarsu, ni kuma in rubuta a littafin alkawari cewa sun biya, domin lallai sun biya.

Daga nan aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kaya suka yi tashin gwauron zabi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, alhali ga kamfanin siminti nan kusa da mu a Kalambaina. Gini ya tsaya a linta, damina ta zo ta wuce a kansa, wata ma ta sake zuwa. Duk wanda ya tambaya sai a ce tsada ce, ni ma haka nake faɗa wa mutane, har ranar da na zauna na haɗa abin da ke littafina da takardar bayanin asusu ta banki, na ga giɓin da ya haura naira miliyan 3. Tsada tana rage abin da kuɗi zai saya, amma ba ta hana kuɗi shiga asusu, wannan ko yaron da ya fara koyon lissafi ya sani.

Na sami Fasto a ofishinsa cikin ladabi, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba, ko da yake na girme shi nesa ba kusa ba. Da farko ya ce zai duba. Da na koma ya ce aikin Ubangiji ba aikin gwamnati ba ne da za a riƙa bin mutum da rasit. Daga baya ne ya ce wai wani kaso ya tafi wajen haɗa kuɗin fansar wani mai bishara da 'yan bindiga suka ɗauka a ƙauye, wani kuma wajen ciyar da iyalan da suka gudo mana daga garuruwansu, kuma irin wannan ba a shelarsa, don kada masu garkuwa su ji cewa ikilisiya tana biya. Iyalan dai na gan su da idona, sun kwana a ajin makarantar Lahadi, mu matan zumunta muka riƙa dafa musu abinci da hatsin da muka tara daga gidajenmu. Amma in haka ne, me ya hana a kira kwamiti a faɗa mana a asirce, a rubuta a ajiye? Kuma a cikin wannan lokacin ne aka canja motar gidan Fasto, ya ce surukinsa ne ya ba shi, matarsa kuma da a da take kirana Mama, yanzu sai ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Mutum ne da ba ya son a tambaye shi komai, dattawan kuwa yawancinsu shi ya kawo sunayensu, ba mai iya cewa uffan a gabansa.

Abin da suke kira ɓata suna ga yadda ya faru. A taron zumuntar mata wata gwauruwa ta miƙe ta tambaye ni kai tsaye, ta ce ita ta sayar da akuyarta ta cika alkawari, yaushe za a yi rufi? Baba, me zan ce mata? In ce tsada ce, alhali na san ba ita kaɗai ba ce? Na ce mata abin da ke littafina bai yi daidai da abin da ke banki ba, a tambayi Fasto. Iyakar abin da na faɗa ke nan, ban ce ya ci ba, ban kira shi ɓarawo ba, ko da yake yanzu haka ake yaɗawa a Mabera da Arkilla cewa na faɗa. In wasu sun ɗauki maganar sun sa a dandalin WhatsApp na matasa, ai ba ni na sa ba. Dattawa sun ce na tsallake Matiyu 18, ban tafi da shaida ɗaya ko biyu ba kafin in kai magana gaban jama'a. To, wa zan ɗauka? Magatakarda, wanda shi ne ɗaya mai sa hannun, ɗan ɗakin Fasto ne.

Ba na wasa da girmama shugabanni. Na san Ibraniyawa 13:17 ta ce mu yi musu biyayya domin za su ba da lissafin rayukanmu, na san 1 Timoti sura 5 ta ce dattawan da ke riƙo da kyau sun cancanci girma ninki biyu, kuma kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Na san Dawuda ko gefen rigar Saul da ya yanka sai da zuciyarsa ta dame shi. Waɗannan ayoyi su ne suke hana ni barci, domin ina tsoron kada a ce da gaske na taɓa shafaffe, abin ya bi 'ya'yana. Amma a cikin Littafi Mai Tsarkin nan ne manzo Bulus, a 2 Korantiyawa sura 8, bai yarda ya riƙe gudummawar tsarkaka shi kaɗai ba, sai da aka haɗa da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi, yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. A 2 Sarakuna sura 12 ma, da aka tara kuɗin gyaran Haikali a akwati mai rami a murfi, magatakardan sarki da babban firist tare suke ƙirgawa. In Bulus bai ɗauki wannan a matsayin raini ba, me ya sa tambayata ta zama tawayen Kora? Ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Babban ɗana ya fusata, ya ce in kai ƙara wurin hukuma, yana ta ambaton dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta tayar da ƙura tsakanin shugabannin Kirista saboda ikon da ta bai wa hukumar rajistar kamfanoni a kan amintattun ƙungiyoyi, in kuma ban yarda ba zai zuba komai a Facebook. Na hana shi da rantsuwa, domin 1 Korantiyawa sura 6 ta hana mu kai juna gaban mahukuntan waje, kuma a gari irin Sakkwato, inda maƙwabtanmu Musulmi suke kallon zamanmu, ba zan so a ce ta bakina aka yi wa sunan Almasihu dariya ba. Akwai majalisar gunduma da ke sama da ikilisiyarmu, tsarin mulkinmu ya ba ni damar rubuta musu, sai dai an gaya mini shugabanta tare suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki da Faston namu.

Na manta ban faɗa ba, lokacin da na tafi Zuru jinyar yayata, Fasto ya ce in bar wasu takardun cak da sa hannuna don kada aiki ya tsaya, na kuma bari, domin a lokacin wa zai yi zargin bawan Allah? Yanzu ɗaya daga cikin dattawa yana cewa in za a yi bincike, da sa hannuna za a fara. Sun kuma ce in miƙa littafin alkawari kafin ƙarshen wata. Ina jin tsoron in na miƙa, shi ke nan, ba ni da sauran shaida, in kuma na riƙe za a ce na ƙwace kayan ikilisiya. Wannan Faston ne fa ya tsaya a kan jana'izar maigidana, ya kwana tare da mu a asibiti, ban manta ba, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Ga kuma auren autata da aka sa a watan Disamba, a wannan majami'ar za a ɗaura, kuma mahaifin angon yana cikin dattawan da suka sa hannu a takardar horona. Ba a fara sanarwar auren ba tukuna, yarinyar kuwa kullum kuka take yi, tana cewa Mama ki ba da haƙuri kawai a wuce wurin. Uwar amarya tana zaune a bencin baya ƙarƙashin horo ranar auren 'yarta, Baba, wane irin abin kunya ne wannan a gaban dangin miji da mutanenmu da za su zo daga gida?

Don haka ina roƙon ku gaya mini, in na miƙe a gaban jama'a na nemi gafara saboda auren yarinyar nan, alhali zuciyata ba ta yarda na yi ƙarya ba, shin ban yi wa Allah ƙarya ba, ban kuma ci amanar gwaurayen da suka ba ni kuɗinsu na rubuta ba? In kuma na ƙi, shin taurin kai ne da rashin biyayya ga shugaba? Akwai hanyar da zan nemi gafara a kan wurin da na yi maganar, ba tare da na janye maganar kanta ba? Littafin kuma, in miƙa wa dattawa, ko in kai shi gunduma da hannuna, kuma kafin auren ko bayansa? Ina roƙo ku amsa mini a shirin wannan mako in da hali, domin dattawa za su sake zama kafin Jibin Ubangiji na wata mai zuwa, kuma sun ce lallai in zo da amsata.

Taku cikin Almasihu,
Wata uwa daga Sakkwato