Tallafin Masu Fasaha: A Liƙa Mana Sunayen Waɗanda Suka Karɓa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan kuɗin da gwamnatoci ke cewa suna tallafa wa masu fasaha da sana'o'in gargajiya da su.

Ina goyon bayan wannan tallafi, kuma ina da dalili. Kawuna mai busa algaita ne a nan Daura, gadon gidanmu ne. In ka gan shi ranar hawan sallah, kumatu a kumbure, jijiyar wuya ta miƙe, dawaki na rangaji a gabansa, ba za ka ce da ƙyar ake ɗora tukunya sau biyu a gidansa ba. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya yarda ya koya, babban ma acaba yake yi. Ranar da ƙarfin ƙirjinsa ya ƙare, busar ta bar gidanmu ke nan.

An taɓa kiran su Kawu wani ofishi su cike fom na neman tallafin. Ni na kai shi a babur, muka ɗauki hoton fasfo, muka ba da lambar asusun banki. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Daga baya muka ji wai an raba. Wa aka ba? Nawa aka ba shi?

Maganar ba ta yau ba ce. A 2013 gwamnatin Jonathan ta ware naira biliyan 3 don masana'antar finafinai. A 2023 aka kafa ma'aikatar tarayya mai kula da fasaha da al'adu, aka ba 'yar jiharmu Hannatu Musawa ta riƙe. A shekarar kuma, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, aka ce mana wasu tsiraru ne ke kwashe amfaninsa. Talaka ya haɗiye wannan ɗaci. To ai duk wani tallafin da ya rage, ya kamata a auna shi da wannan mudun.

Roƙona shi ne a liƙa suna da adadin kuɗi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma cikin 34 da muke da su a Jihar Katsina, a kuma karanta a rediyo. Bayan shekara a koma a duba: marinin nan ko badukun da aka ba, yara nawa ya koya wa? Shi kuwa mai waƙar yabon ɗan siyasa, ubangidansa ya sallame shi daga aljihunsa, baitulmali ba ta da hannu a ciki.

Malam Edita, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatun gwamnati kwana 7 su amsa buƙatar bayani. Don Allah jaridarku ta rubuta ta nemi jerin sunayen nan ta buga. Ni zan sayi kwafi in karanta wa Kawu, don har yanzu takardar da aka ba shi a ofishin nan tana naɗe cikin jakar algaitarsa.

Naka,
Wani mai karatu daga Daura