Kiwon dodon koɗi: shawarar Sakkwato ba ta yi wa Jos

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan kiwon dodon koɗi da ake ta kwaɗaitar da matasa a kai. Shawara iri ɗaya ake ba mai kiwo a Sakkwato da mai kiwo a Jos, alhali abin da ke kashe wannan dabba a wuraren biyu ba ɗaya ba ne.

Dodon koɗi ba ya ɗumama jikinsa, ba ya sanyaya shi. Zafin inda yake kwance shi ne zafin jikinsa. In rani ya tsananta sai ya shige ƙasa, ya janye cikin koɗinsa, ya toshe bakin da wani farin marfi na busasshen yauƙi da kalsiyam (sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da ɓawon ƙwai), ya daina ci. Haka zai kwanta watanni har ruwa ya sauka. Wanda bai sani ba sai ya zubar, wai ya mutu. Mai rai marfinsa a rufe yake, yana da nauyi a hannu, ba ya wari.

Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri 6. Sakkwato tana kusan mita 300 sama da teku, Jos wajen 1,200, Mambila wajen 1,600. Ko a daji kowane iri da dabarar da wurinsa ya koya masa. Na hamadar Negeb a kudancin Isra'ila farin koɗi gare shi mai mayar da yawancin hasken rana, yana janyewa can ƙuryar koɗin nesa da ƙasa mai ƙuna. Na tsaunukan Alps a Turai kuwa, gwargwadon hawa gwargwadon ƙanƙantarsa da jinkirin balagarsa, don kwanakin ɗumin da zai yi kiwo kaɗan ne. Manyan da ake kawo mana daga kurmin kudu sun saba da digiri 25 zuwa 30 da laima, ba su san zafin hamada ko sanyin tsauni ba.

A wuraren da ba tudu ba irin Sakkwato, inda bazara ke wuce digiri 40, rufin kwano tanda ne. A yi rumfar zana ko ciyawa ƙarƙashin itace, a zuba ƙasa mai laushi zurfin santimita 15, a shimfiɗa busasshen ganyen ayaba, a yi yayyafi da yamma. Babban kuskure shi ne a sheƙa wa mai barci ruwa yau a manta da shi mako guda. Zai farka ya ɓalle marfin, wuri ya sake bushewa, ya sake yin wani da ɗan ruwa da abincin da ya adana. In aka maimaita haka, sai a tarar da koɗi fanko. Ko dai a riƙe laima kullum, ko a ƙyale shi ya yi barcinsa.

A kan tudu kuwa daren hunturu ne abin tsoro, domin a Jos sanyi kan sauka kusa da digiri 10. Ci yana tsayawa, ƙwai yana jinkirin ƙyanƙyashewa. A kare ɓangaren arewa maso gabas da iska ke bugowa, a rufa buhu da dare a yaye da hantsi, a rage ruwa, don sanyi da jiƙaƙƙiyar ƙasa suna ruɓar da ƙwai. Da damina a Mambila a ɗaga akwatin kiwon daga ƙasa, a huda gindinsa ruwa ya tsiyaye.

Ko'ina ne dai, a daka ɓawon ƙwan kaza a barbaɗa, da shi yake gina koɗi da marfi. Kada a ba shi sauran abinci mai gishiri, gishiri zuƙe masa ruwan jiki yake yi.

Naku,
Mai karatu daga Jos