Zuwa ga kamfanin dillancin da ya ba ni hayar gidan rigima a Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum Yallaɓai Manaja,

Sau uku ina zuwa ofishinku ana ce min ka fita, waya kuma ba a ɗagawa, shi ya sa na rubuto a nan inda kowa zai gani.

Wata biyu da suka wuce yaronku ya kai ni wani gida, ɗaki biyu da falo, na gani ya yi min. Kafin in biya sai da na tambaye shi gidan nan na waye, ina takardarsa? Ya ce haba Alhaji kar ka damu, mai gidan namu ne mun daɗe muna masa aiki. Na tura kuɗin shekara cif, ga la'adarku kashi 10 cikin 100 a kai, kuka ba ni rasit da hatimin kamfani.

Ashe gidan gado ne, ba a raba ba, maganar ma tana gaban alƙali, ɗaya daga cikin ƙannen ne ya ɗauko mukulli ya kawo muku ba da sanin sauran magada ba. Sati uku da tarewarmu, na yi fenti na gyara famfo, maiɗakina ta gama rataya labule ta jera kwanukanta, sai ga babban wansu bayan la'asar da takardar kotu a hannu yana tambaya wa ya ba mu izinin shiga gidan ubansu. Yarana na tsaye a zaure suna kallona, maƙwabta sun leƙo, wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

To Yallaɓai la'adar nan ta mece ce in ba don ku bincika ba? Tun dokar filaye ta 1978 gwamna ke ba da shaidar mallaka, a nan Kano akwai KANGIS, ofishin gwamnati mai ajiye bayanan filaye, da ake zuwa a duba fayil a ga sunan wa ke kai. Na san gidaje da yawa a unguwanninmu ba su da wannan takarda sai ta ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, to ko ita kun nema? Wanda ya kawo muku gidan kun ce ya nuna takardar wakilci daga ƴan uwansa? Mai unguwar fa yana bayan layin, da na je wurinsa daga baya ko minti biyar ba a yi ba ya zayyana min rigimar tun daga farko. Ni sunan kamfani na gani na saki jiki, da na sani da shi zan fara gaisarwa.

Magada sun ba ni zuwa ƙarshen wata in tashi. Ku dawo min da kuɗin hayata da la'adar da abin da na kashe a gyara cikin sati ɗaya, rasit ɗin duk suna hannuna. In ban ji daga gare ku ba sai mu haɗu a kotu.

Ɗan hayarku na Rijiyar Zaki