Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Daga Idi-Araba nake rubuto maka, kuma roƙona ɗaya ne: a kafa wa masu binciken lafiya na Legas cibiya guda ta ɗaukar hoton cikin ƙananan dabbobi, wadda Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya (NIMR) da ke Yaba da Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas za su yi tarayya a kanta. Na san wani zai ce asibiti na kukan gado, wa ke ta ɓera? To, kafin a gwada sabon magani a jikin mutum, ta jikin ɓeran nan yake bi.

Ranka ya daɗe, na'urar da nake nufi biyu ce a haɗe. CT na nuna surar jiki, PET ko SPECT kuma na nuna aikin da gaɓa ke yi. A Pittsburgh ta Amurka aka fara gwada haɗa PET da CT a 1998. A PET, ana yi wa dabba allurar FDG, wani ɗan'uwan sukari mai ɗauke da Fulorin-18, sinadarin da ke fitar da hasken da na'urar ke gani, kuma da yake ƙarin sankara mayen sukari ne, sai ya haskaka a hoto. Maimakon a yanka rukunin ɓeraye kowane mako don a ga ko magani ya ci, sai a bi ɓera ɗaya tun daga farkon cuta har ƙarshe.

Abin da ake nema dai shi ne adadi, wato nawa ne na allurar ya taru a hanta ko huhu. A nan wuyar take. Ɓera bai wuce giram 20 zuwa 30 ba, zuciyarsa na bugawa sama da sau 500 a minti. Idan ƙari ya yi ƙanƙanta, na'ura kan nuna shi da rauni fiye da yadda yake. Idan ɓera ya ji sanyi, wani kitse a gadon bayansa sai ya shanye sukarin. Ko ya ci abinci ko bai ci ba, da irin maganin barcin da aka shaƙa masa, duk suna juya lissafi. Saboda haka injin da babu masanin fizis mai daidaita shi, babu likitan dabbobi, babu tsayayyen lantarki, kuɗin gwamnati ne aka kulle a ɗaki.

Shawarata a fara da SPECT da CT. Fulorin-18 na rasa rabin ƙarfinsa cikin minti 110, wanda gosulo ɗaya daga Agege zuwa Yaba kan iya cinyewa, don haka PET sai da injin saikulotiron mai samar da shi a kusa. Shi kuwa Teknishiyom-99m, sinadarin da SPECT ke amfani da shi, awa 6 yake yi kafin ya rasa rabin ƙarfinsa, kuma ana tatso shi ne daga tulun Molibdinom-99 mai awa 66, wanda jirgi zai iya saukewa a Ikeja.

A tura matasa horo tun kafin a sa hannu a kwangila, a kuma shigo da hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya (NNRA) mai ba da lasisi tun daga zanen ginin. Mai binciken tarin fuka ko sankarar mama daga Zariya ko Ibadan ma a ba shi damar kama layi.

Allah ya ja zamaninka.

Naka,
Wani ɗalibin kimiyya, Idi-Araba, Legas