Maryam Usman 'yar Kaduna ce, amma yaranmu ba su san ta ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ina roƙon ɗan fili in amayar da wani abu da ya kwana biyu yana ci min tuwo a ƙwarya.

Ni mai walda ne a Panteka nan Kaduna, na fi shekara ashirin ina wannan sana'a, kuma cikin aikin da samari ke yawan kawo min akwai ƙarfen ɗagawa. Wani ya zo da rodi mai kauri da tsohon durom ɗin birki guda biyu yace in haɗa masa, wani kuma tuni ya zuba kankare a bokitin fenti, sandar kawai yake so a yanka masa daidai. Duk lungun da ka shiga a Tudun Wada ko Rigasa ko Kawo da sassafe sai ka tarar da su a wani kango suna nishi, benci ɗaya na katako mutum goma ke layi a kansa. Makon jiya wasu su huɗu suka zo, ina aiki muna hira, sai nace musu toh ku da kuke son harkar nan haka, wa kuka sani a cikin gwanayenta? Suka ciro waya suna nuna min turawa masu ƙirji kamar ƙofar gareji. Nace Maryam Usman fa? Suka kalli juna, ɗaya yace Baba 'yar fim ce? Wallahi sai da na ajiye abin waldar, raina ya ɓaci sosai, ba da yaran ba don ba laifinsu bane, ba wanda ya taɓa gaya musu.

Malam Edita, Maryam Usman a garin nan aka haife ta a 1990, kuma tana da lambar yabo ta Olamfik a wasan ɗaga nauyi. An ruwaito cewa abin da ya fara kai ta wajen ƙarfe ma tsangwamar da yara maza ke mata ce, tana son ta samu ƙarfin da ba mai taka ta. Daga nan abu ya zama sana'a har ta riƙa wakiltar Najeriya a ajin mata mafi nauyi, wato a lokacin na waɗanda suka haura kilo 75.

Bari in ɗan yi bayani saboda mutane na haɗa wasan nan da masu gina jiki don a gani, alhali hanyar jirgi daban ta mota daban. A gasa ɗagawa iri biyu ce. Ta farko fizga ɗaya ce, ka tsinko ƙarfen daga ƙasa zuwa saman kai ba tsayawa, ka shige ƙarƙashinsa a tsugune sannan ka miƙe. Ta biyu sai ka fara ɗora shi a kafaɗa, ka miƙe, ka ja numfashi, sannan ka cilla shi sama hannu a miƙe. Kowacce sau uku ake ba ka dama, a ɗauki mafi nauyin da ka yi a kowacce a haɗa. Alƙalai uku ne, farar fitila ka ci, ja ka faɗi, ko gwiwar hannu ce ta ɗan lanƙwashe an gama. Sandar mata kaɗai kilo 15 ce tun ba a sa mata komai ba, ta maza 20.

A gasar Olamfik ta Beijin a 2008 Maryam tana da shekara 17 kacal. Ta yi kilo 115 a fizga, ta yi 150 a ta biyun, jimla 265. Duk wanda ya taɓa sauke siminti daga mota ya san buhu ɗaya kilo 50 ne, toh ka ƙiyasta buhu uku a saman kan yarinyar da ba ta kai sha takwas ba, hannu a miƙe, tana jiran alƙali ya ba ta izinin saukewa. Ta zo ta biyar. Wadda ta ci zinare Jang Mi-ran ce ta Koriya ta Kudu da kilo 326, wannan kam ba mai ja da ita a lokacin, tarihin duniya ta kafa ranar. Ta biyu Olha Korobka ta Yukren, ta uku Mariya Grabovetskaya ta Kazakistan, ta huɗu Ele Opeloge ta Samowa, sai tamu.

Mu kuma a nan ina hankalinmu yake? Ni ban manta ba, mako guda bayan nan muka yi sammako tun asuba muka cika gidan kallo don wasan ƙarshe na ƙwallon Olamfik ɗin tsakanin Najeriya da Ajantina, yaran Siasia, Di Maria ya ɗaga wa golanmu ƙwallo aka tashi 1-0 muka dawo gida jiki a sanyaye. Wannan kowa ya riƙe shi har yau. Amma cewa 'yar garinmu ta tsaya a cikin biyar na duniya, ni kaina ban ji ba sai bayan shekaru.

Sai a 2016 gaskiya ta yi halinta. Masu shirya Olamfik suna ajiye fitsarin 'yan wasa a sanyi shekara da shekaru, in an samu sabbin na'urori a sake aunawa. Da aka sake auna na Beijin sai ga ta biyu da ta uku duk sun sha ƙwayoyin ƙara ƙarfi, aka ƙwace lambobinsu, Opeloge ta koma azurfa, Maryam ta koma tagulla. Alhamdulillahi haƙƙi ya koma ga mai shi, amma ni abin da ke damuna shi ne abin da ba a iya dawo mata da shi. Ranar da ya kamata ta hau mumbari a ɗaga tutar Najeriya duniya na kallo ta wuce, tarbar filin jirgi ta wuce, kyaututtukan da ake yi wa wanda ya dawo da lamba lokacin abin na da zafi sun wuce, kuma shekara takwas a rayuwar ɗan wasa ai kusan rabin sana'arsa ce, da ace tun tana 17 aka san ta da lambar Olamfik a wuya, da irin horo da kulawar da za ta samu daban ne, da 'yan mata nawa za su taso a bayanta a Kaduna kaɗai. Mutanen Samowa, ƙasar da ba ta kai wata ƙaramar hukumarmu yawan jama'a ba, da yake ita ce lambar Olamfik ɗinsu ta farko a tarihi, biki suka shirya a Apiya babban birninsu a 2017 suka rataya wa tasu a gaban jama'a.

Kuma bata tsaya a Beijin ba. A gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2010 a Delhi ta ci azurfa, Opeloge ɗin nan ce dai ta sha gabanta. A Olamfik ɗin Landan 2012 abin bai yi daɗi ba, ta wuce fizga lafiya amma a ɗagawa ta biyu duk damarta uku ba wadda ta zauna, aka tashi ba ta da jimla, wanda duk mai harkar ya san ba abin da ya kai wannan ciwo, shekara huɗu kana shiri ya tafi a minti kaɗan. Wata da ta ajiye daga nan. Ita ko ta koma ta ci gaba, a gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2014 a Glasgow ta haɗa kilo 280 ta ci zinare, wannan karon Opeloge ce a bayanta. Ta sake zuwa Olamfik a Riyo 2016, karo na uku kenan.

Don kar ace na ga laifin wasu na rufe ido a namu, a Glasgow ɗin nan dai aka ƙwace zinaren Chika Amalaha, yarinya 'yar shekara 16, bayan gwaji ya nuna haramtaccen magani a jikinta. Yarinya mai shekara 16 kuwa dole a tambayi manyan da ke kewaye da ita. Wannan cuta ba ta turawa bace kaɗai, kuma ta iso har lungunanmu. Akwai wani yaro da na yi wa sanda shekarun baya, siriri ne, cikin wata kaɗan na ganshi ya kumbura fuska duk ƙuraje, na tsare shi da tambaya yace wata allura ce abokinsa ke sayo musu ba takardar likita, su suke yi wa junansu. Daga baya mahaifinsa ya zo shagona neman taimakon kuɗin asibiti. Allah ya tashi kafaɗarsa amma har yau bai koma yadda yake ba. Irin waɗannan yaran nake so su ji labarin wadda ta zo ta biyar da guminta, daga baya lambar ta biyo ta har gida, waɗanda suka sha gabanta da ƙwaya kuma aka goge sunansu.

Nasan wasu za su ce mace da ɗaga ƙarfe ina aka haɗu, ga kuma maganar sutura. Ni ma uba ne, ina da 'ya'ya mata, ban ɗauki wannan magana da wasa ba. Amma tun 2011 hukumar wasan ta duniya ta yarda mace ta rufe jikinta gaba ɗaya, kuma Sara Ahmed ta Masar da ɗankwalinta, hannu da ƙafa a rufe, ta ci tagulla a Riyo tana da shekara 18. Kuma abin lura, lambobin Olamfik ɗin da Najeriya ta taɓa samu a wannan wasa mata ne suka kawo, Ruth Ogbeifo ta ci azurfa a Sidni a 2000, karon farko da aka bar mata suka shiga, inda su uku na sama duk kilo 245 suka ɗaga sai nauyin jiki ne ya raba gardama, sannan Maryam.

Roƙona gare ku shi ne shafinku na wasanni ya ɗan sassauta wa Arsenal da Barcelona ko na mako ɗaya ne, ku nemo baiwar Allah nan ku yi hira da ita da Hausa, ta faɗa da bakinta inda ta fara da wanda ya fara koya mata da yadda ta ji ranar da labarin lambar ya iso mata. Gwamnatin jiha kuma, mu da muka karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a 2009, ba zai gagare mu ba a ware ɗaki ɗaya a filin wasa na Ahmadu Bello a sa masa sunanta, a zuba sanduna da faifan ƙarfe na gaske da koci wanda ya san aikinsa, yaran kango su samu mai gyara musu tsayuwa kafin su karya bayansu. Rakin ajiye ƙarfe da benci in dai aikin walda ne ni na ɗauka kyauta, kuma nasan abokan sana'ata ba za su bar ni ni kaɗai ba.

Yaran nan huɗu ran Asabar za su dawo karɓar sandarsu. In Allah ya sa kun buga wasiƙar nan zan yanke shafin in manna a bangon shago daidai inda suke zama jira.

Nagode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai walda daga Panteka, Kaduna