Amsa Ga Malamin Da Ya Ce Na Ƙagi Magana Kan Sunan Atina

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ka tambaye ni a bainar jama'a inda na samo maganar cewa birnin Atina na Girka ba daga gunkiya Atena ya karɓi sunansa ba, sannan ka ƙara da cewa ƙagawa na yi don a san da ni. Batun rubutun sunaye da ka yi ta jan zare a kai, na bar maka shi. Zargin ƙage ne ba zan haɗiye ba, domin waɗanda suka daɗe suna karanta ni sun san ban saba yanke magana daga iska ba.

Labarin da kake riƙe da shi na sani: Atena da Fosaidon, gunkin teku, sun yi takarar mallakar birnin, shi ya soki dutse ruwan gishiri ya ɓulɓulo, ita ta tsirar da itacen zaitun, aka ba ta nasara. Har an sassaƙa wannan takara a goshin yamma na haikalin Fatenon da ke Atina a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, to amma sassaƙa ba ta mai da tatsuniya tarihi.

Tsohon sunan birnin Atenai ne, a sigar jam'i, kamar sunayen biranen Mukenai da Tebai na Girka, kuma masana da yawa na ganin tushensa ya girmi harshen Girkanci a wannan ƙasa. A wani allon yumɓu da aka haƙo a Kunosos ta tsibirin Kirit, cikin rubutun da Michael Ventris ya warware a 1952, an sami "a-ta-na po-ti-ni-ja", wanda wasu ke karantawa uwargijiyar Atana, kamar yadda mu za mu ce Magajiyar Daura. Shi ya sa ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne gunkiyar ce ta ci sunan garin. Ko Aflatun, masanin falsafar Girka, da ya nemi fassara sunanta da "hankalin ubangiji", masana harshe na yau ba su bi shi ba.

Ina zaton da neman sani ya kawo ka, da ka tambaya kafin ka yanke hukunci a gaban ɗalibanka. Abin da ke damuna ya wuce kai: mun cika da masu haddace littafi guda tun aji uku, duk wanda ya zo da na biyu sai a ce ya yi bidi'a. Idan kana da hujjar da ta girmi allon Kunosos, kawo ta a inda ka yi tambayar.

Wassalam.